MATSAYIN ABINCI MAI GINA JIKI GA LAFIYAR ƊAN ADAM: DARASI DAGA ƘASAR MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Talatar Mafara ran Talata a lokacin kaka, ya ga yadda ake jibge buhunan shinkafa da gero da dawa, da wuya ya yarda cewa akwai yaron da abinci zai gaza wa a wannan ƙasa. Amma kuma a shekarar 2024 Talatar Mafara na cikin wurare huɗu na Jihar Zamfara, tare da Shinkafi da Zurmi da Gummi, inda ƙungiyar likitocin nan ta duniya mai suna MSF ke kwantar da yara masu tamowa. A watan Yuni na wannan shekara, da aka auna yara fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, an sami kashi 27 cikin ɗari suna fama da rama irin ta ƙarancin abinci. Tun kafin nan, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a yankin Arewa maso Yamma kuwa kashi 57.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda hatsi ke cika rumbu amma yaro ya tsumbure a gindin rumbun. Za a fara da ma'anar furotin da aikinsa a jiki, sa'an nan a waiwayi abincin Bahaushe, a ƙarshe a dubi abin da ya sami kifi da nono da wake a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun.

Kalmar da ma'anarta

Kalmar furotin baƙuwa ce a Hausa. A shekarar 1838 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Jöns Jacob Berzelius, ya ba abokin aikinsa Gerrit Mulder na ƙasar Holan shawarar ya raɗa wannan suna ga wani sinadari da yake samu a ƙwai da jini da alkama. An ɗauko sunan daga harshen Girka, ma'anarsa kuwa abin da ke sahun farko. Malaman kiwon lafiya na ƙasar Hausa sun fassara shi da "abinci mai gina jiki", don a bambanta shi da abinci mai ba da kuzari, watau tsaba da mai da sukari, da kuma abinci mai kare jiki, watau ganyaye da 'ya'yan itatuwa.

Fassarar ta dace, domin ta bayyana wani abu da maganar yau da kullum ke ɓoyewa. In Bahaushe ya tambayi ɗansa game da abinci, abin da yake tambaya shi ne ko ya ƙoshi. Nama da ƙwai da kifi kuwa yakan sa su a jerin kayan marmari, har yakan kira mai yawan son su makwaɗaici. Ƙoshi cikar ciki ne, ana jin sa nan take. Ginuwar jiki aiki ne na watanni da shekaru, ba a kuwa jin rashinta sai ta yi ɓarna.

Aikin furotin a jiki

Ana iya kwatanta furotin da ginin tubali. Tubalan su ne ake kira amino asid, iri 20 ne jikin mutum ke aiki da su. Jiki yana iya ƙera 11 da kansa, amma 9 tilas sai daga abinci. Na ƙarshen da aka gano cikin waɗannan tara shi ne wanda William Rose ya gano a Amurka a 1935. In mutum ya ci wake ko nama, ciki da hanji sukan warware furotin ɗin zuwa tubalansa, jini ya kwashe su zuwa hanta da sauran sassa, jiki ya sake jera su bisa tsarin da yake bukata.

Da waɗannan tubala ake gina tsoka da fata da gashi da farce da turakun da ƙashi ke daskarewa a kansu. Jan sinadarin nan na jini mai ɗaukar iska daga huhu zuwa gaɓoɓi furotin ne. Haka nan sinadaran da ke narkar da abinci, da insulin mai daidaita sukari, da makaman da garkuwar jiki ke yaƙar ƙwayoyin cuta da su. Sabili da haka ne yaron da ya rasa shi ba tsawo kaɗai yake rasawa ba. Ƙyanda ko gudawa da ɗan'uwansa zai yi ya tashi, shi sai ta kwantar da shi, ciwon kuma ya ƙara cinye ɗan abin da ya rage.

Wani abin lura shi ne jiki ba shi da rumbun furotin kamar yadda yake ajiye kitse. Abin da ya yi saura sai hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da dattinsa cikin fitsari. In kuwa ya gaza, jiki sai ya koma rushe tsokarsa don ya sami tubalin da zai yi wa jini da hanta hidima. Ma'anar wannan ita ce naman layya, kome yawansa, ba zai biya bashin wata goma sha ɗaya ba. Ɗan kaɗan na kullum ya fi mai yawa na shekara-shekara.

Gwargwadon bukata

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona a 2007 ya ƙayyade giram 0.83 a kan kowane kilo na nauyin baligi a yini. Watau mutum mai kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50. Mace mai ciki a watanni ukun ƙarshe tana bukatar ƙarin giram 31, mai shayarwa kuwa ƙarin giram 19 a watanni shidan farko. Ƙaramin yaro, in aka gwada da nauyinsa, ya fi babba bukata, domin shi gini yake yi, babba kuwa yaɓe yake gyarawa.

A cikin kowane giram 100 na busasshen abinci, gero da dawa suna da furotin kimanin giram 10 zuwa 11, shinkafa gyararriya 7, wake 23, gyaɗa 25, waken suya fiye da 35. Ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita, tun da an matse mai, haka nan busasshen kifi da busasshiyar fara fiye da rabin nauyinsu furotin ne. Ƙwai guda yana da kimanin giram 6. Ɗanyen rogo kuwa bai kai giram 2 ba.

Mai lissafi zai ce ashe manomin da ya ci rabin kilo na gero ya sami giram 50 ɗinsa. Ta fuskar yawa haka ne. Sai dai hatsi yana da gurgun tubali guda, wanda ake kira laisin. Abin da gero ke da shi na laisin bai kai yadda jiki ke so ba, dawa da masara ma sun fi shi rashi. In tubali guda ya ƙare, gini sai ya tsaya, sauran tubalan jiki ya ƙone su a matsayin makamashi. Wake da gyaɗa da daddawa sun fi hatsi laisin, wake musamman, shi kuma yana da ƙarancin wani tubalin mai suna metiyonin wanda hatsi ke da shi. In an gama kashi uku na hatsi da kashi ɗaya na wake, kowane sai ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Hikimar tukunyar Bahaushiya

Abin sha'awa shi ne matan Hausawa sun daɗe suna wannan gami tun ba a haifi Berzelius ba. Fura da nono gamin gero ne da madara. Koko abokinsa ƙosai. Ga shinkafa da wake, ga ɗanwake, ga tubani, ga kunun gyaɗa. Tuwo ba ya tafiya sai da miyar da aka jefa wa daddawa, in da hali da ɗan busasshen kifi. Hocen dawa na Zamfarawa da ƙuli-ƙuli ake cin sa, haka nan kwaɗon zogale da na rama. Daɗin daɗawa, jiƙa hatsi a bar shi ya yi tsami, kamar yadda ake yin kamu, yana sauƙaƙa narkewar furotin ɗin dawa, wanda dafuwa zalla kan ƙara wa tauri.

Wannan tsari kuwa ya tsayu ne a kan zamantakewa. Manomi yana shuka wake a tsakanin gero, waken yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da tumaki. Bafulatani yana sauka a gona da rani, shanunsa su ci kara su bar taki, matarsa ta kawo nono gari ta koma da hatsi. Masunci yana bin tafkunan da ambaliya ta bari a fadama. Kowane ƙoƙon fura da nono shaida ne cewa manomi da makiyayi suna zaman lafiya.

Darasin kwashiyoko

A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bayyana wata cuta ta yaran da aka yaye a kan kunun masara: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta saɓule, yaro ya daina wasa. A 1935 ta kira cutar da sunan da mutanen Ga ke kiranta, watau kwashiyoko, ciwon yaron da ƙaninsa ya ture daga nono. Hausawa ma sun san wannan. Sukan ce yaro ya sha ciki in uwarsa ta yi kwanika, suna ɗaukar nonon ne ya gurɓace. Likitanci ya nuna nonon mai ciki ba shi da aibu. Abin da ke kayar da yaron shi ne yayen gaggawa da mai da shi kan koko tsararo.

Lissafi zai bayyana dalili. In an dama giram 10 na gari a ruwa mililita 100, furotin ɗin da ke ciki bai wuce giram 1 ba. Yaro mai kilo 12 yana bukatar kimanin giram 12 a yini, watau sai ya sha fiye da lita guda ta wannan koko, kuma duk da haka laisin bai isa ba. Cikinsa ɗan ƙarami ne, zai cika da ruwa kafin bukata ta biya. Uwa ta ga ciki ya tasa, ta ce ɗanta ya ƙoshi.

Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970 hukumomin duniya sun ɗauka rashin furotin shi ne babbar matsalar ƙasashe matalauta. A 1974 Donald McLaren ya soki wannan ra'ayi, ya nuna yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba, kuma yaron da bai sami abin kuzari ba, ko an ba shi furotin jikinsa ƙone shi zai yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bincike na baya-baya ya ƙara nuna kumburin kwashiyoko ba rashin furotin kaɗai ke kawo shi ba, har da cututtuka da yanayin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji, kamar yadda nazarin tagwaye a Malawi ya nuna a 2013. Amma a 2016 wani nazarin a Malawi ya sami tubalan nan tara sun yi ƙasa a jinin yaran da suka tsumbure. A wani gwajin da aka wallafa a 2017, an ba yara ƙwai guda kullum har wata shida a ƙasar Ikwado, tsumburewa ta ragu sosai. Da aka maimaita gwajin a Malawi, inda yaran suke samun kifi, ba a ga bambancin tsawo ba. Darasin shi ne furotin mai inganci yana amfani ƙwarai a inda aka rasa shi, amma ba ya tsayawa a madadin isasshen abinci da tsabtataccen ruwa da rigakafi.

Abin da ya sami Mafara da Bakura da Maradun

Ƙananan hukumomin nan uku ruwa guda suke sha, watau Gulbin Sakkwato. Bayan farin 1972 zuwa 1974, gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aikin gina madatsar Bakolori a ƙasar Maradun. An fara a 1974, aka gama a 1978. Tafkin yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye kimanin hekta 8,000, filin ban-ruwa kuwa ya kai hekta 23,000 a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. Rikicin diyyar gonaki ya kai ga artabun watan Afrilu na 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, rayuka suka salwanta.

Ta fuskar abinci, madatsar ta ba da wani abu ta karɓe wani. Ta ba da noman rani da kamun kifi a tafki. Amma nazarin da William Adams ya yi a shekarun 1980 ya nuna raguwar ambaliya a ƙasan madatsar ta rage noman shinkafar fadama da noman rani na gargajiya, ta kuma rage kifin da masunta ke kamawa, domin a ruwan ambaliya tarwaɗa da sauran kifaye ke hayayyafa. A cikin filin ban-ruwa kuma hankali ya fi karkata ga shinkafa da sauran abin sayarwa. Shinkafa abinci ce mai daraja, tana kuma kawo kuɗi, amma ita ce mafi ƙarancin furotin a cikin tsabar da ake nomawa a nan. Aikin gyaran hanyoyin ruwa da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, wanda Bakolori ke ciki, ya shafi ruwa da kadada. Abin da za a shuka a kadadar, da abin da zai shiga bakin yaro, shawara ce da ta rage ga hukuma da manomi.

Sauran ginshiƙan ma sun girgiza. Cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta karya nomanta a Arewa. Bushiya ta kashe shanu masu yawa a 1983, kafin a kawar da ita daga duniya a 2011. Mafi muni shi ne satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga da suka ta'azzara a Zamfara daga wajen 2011. Garke ya watse, makiyaya da yawa sun yi ƙaura, manoma sun bar gonakin nesa. A watan Agusta na 2021 aka sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, inda ake horar da waɗanda za su koya wa manomi kiwo. A wannan shekara kuma gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako na ɗan lokaci don matsa wa ɓarayi. Duk inda aka kore saniya, nono ne aka ɗauke daga furar yaro. Duk inda kasuwa ba ta ci ba, mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli sun rasa abin sarrafawa.

Rabon cikin gida

Ko a gidan da ake da hali, akwai sauran magana. Bisa al'ada tsokar nama a kwanon maigida take sauka, yaro ya sami romo ko ƙashi, mai ciki da mai goyo kuwa su ci abin da ya rage, alhali su ne suka fi kowa bukata. Akwai camfin cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai yi sata, sai a kai ƙwan zabi kasuwa a sayo abin da bai kai shi amfani ba. Wasu kuma suna matse dakashi su zubar, alhali wannan nonon farko cike yake da furotin ɗin garkuwa. Shawarar likitoci ita ce a ba jariri nono zalla wata shida, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, wa'adin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ma ta ambata. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne lokacin da ake kafa tsawo da ƙwaƙwalwa, abin da ya kuɓuce a nan da wuya a kamo shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a kaurara kunun yaro, a zuba masa garin gyaɗa ko na waken suya ko dakakken kifi da ɗan mai, a kuma ba shi sau da yawa a yini. Awara, wadda ta karɓu a ƙasar Hausa, hanya ce mai arha.

Na biyu, ma'aikatan gona su ƙarfafa shuka wake da waken suya a bayan shinkafa. Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, kuma a 2019 aka saki irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Ajiya a buhu mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga tana kashe ƙwari ba tare da an zuba guba a abin da za a ci ba. A kuma tsince gyaɗar da ta yi funfuna, domin dafinta yana lahanta hanta.

Na uku, a tallafa wa mata da kiwon kaji da awaki da allurar rigakafinsu, a kuma kiyaye tafkin Bakolori daga kama 'ya'yan kifi da kamu da guba.

Na huɗu, yaron da ƙafarsa ta kumbura ko ya rame ƙwarai, asibiti za a kai shi. Ɗura masa nama da ƙwai a wannan hali yana da haɗari, shi ya sa likitoci ke farawa da madara ta musamman mai sauƙin furotin. Maganin tamowar nan na cikin leda, wanda ya ceci dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005, gyaɗa ce da madara da mai da sukari da sinadaran kariya. Na yaron da aka rubuta wa ne, sayar da shi ko raba shi ga gida cin amana ne.

Na biyar, a tuna abincin wani gubar wani. Mai ciwon ƙoda sai ya bi ƙa'idar likita, tsoho kuwa, wanda tsokarsa ke zaizayewa, bai kamata a bar shi da kunu zalla ba.

Kammalawa

An ga cewa furotin tubali ne da jiki ba ya ajiyewa, kuma ingancinsa yana da muhimmanci kamar yawansa. An ga abincin gargajiya ya riga ya warware matsalar ta hanyar gama hatsi da wake da nono da kifi, kuma wannan gami ya dogara ga ambaliyar fadama da garken makiyayi da kasuwar da ke ci lafiya. Saboda haka maganar tamowa ta wuce ɗakin likita. Ta shafi injiniyan ruwa da malamin gona da jami'in tsaro da mai tsara kasafin kuɗi, ta shafi ɗalibin da zai koma ƙauye ya yi wa iyayensa bayani da harshen da suke ji. Jihar da ke alfahari da noma ba da yawan buhu kaɗai za a auna ta ba, har da damtsen yaranta. Allah Ya ba da lafiya da zama lafiya.